Sharhi kan gyaran da ya dawo wa jirgina na jet da ƙarfinsa

Shekara ta huɗu ke nan ina amfani da wannan ƙaramin jirgin ruwa mai injin jet, irin wanda ba shi da farfela a waje, sai famfo da ke zuƙo ruwa ta ƙarƙashi ya feso shi ta baya. A bara ne ya fara ja da baya. In na danna totur daga tsaye, sai inji ya yi ta kururuwa, allurar juyinsa ta haura juyi 7,000 a minti, amma jirgin sai jan ciki yake yi kamar motar da kulocinta ya cinye. Da mutum biyu a ciki da ƙyar yake tasowa saman ruwa. Gudun da na saba gani, wajen kilomita 70 a awa, ya dawo 50 da 'yan kai.

Inda na fara kai shi, sun canza fulogi da filtar mai, suka zubar da tsohon fetur. Ba su taɓa sa shi a ruwa ba, kuma da na karɓo, yadda na kai shi haka ya dawo.

Makanike na biyu, wanda nake wannan sharhi a kansa, bai taɓa sifana ba sai da muka shiga ruwa tare. Ya zauna gefena, idonsa na kan allura, ya sa na danna sau uku. Sai ya ce, "Yallaɓai, injinka lafiyarsa ƙalau. Injin da ba shi da lafiya ba ya kai wannan juyin. Famfo ne ba ya kama ruwa." Wannan magana ita ce ta fi mini amfani a duk aikin. In juyi ya ƙi hawa, a nemi matsalar a mai, ko wuta, ko matsin silinda, ko wani abu da ya maƙale ya riƙe farfelar da ke cikin famfon. In kuwa juyi ya hau fiye da kima amma gudu babu, to ƙarfin yana nan, a famfo yake zubewa. Duk da haka ya auna matsin kowace silinda don ya cire shakka, kuma duka suka fito kusa da juna, bambancin bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Da muka ɗora jirgin a tirela ya cire mabuɗi, ya kwanta a ƙarƙashi da tocila, ya kira ni in leƙa ta ragar da ruwa ke shiga. Abu na farko da ya zaro shi ne guntun igiya da ta nannaɗe sandar da ke juya farfela, ta yi baƙi ta kafe. Daga nan ya kwance bakin famfon ta baya. Farfelar jet tana juyawa ne a cikin wani zobe, kuma ratar da ke tsakanin bakinta da zoben ya kamata ta zama siririya ƙwarai, don kada ruwa ya kuɓuce ya koma baya. Ya zura ma'aunin rata mai siraran ƙarafa, wanda ya kamata ya shiga da ƙyar, sai ga na milimita ɗaya da rabi yana shiga yana fita a sake. Ya ce in sa yatsa. Cikin zoben duk ya yi zane-zane masu zurfi, bakin fukafukan farfelar kuma ya dakushe, ɗaya har ya ɗan lanƙwashe.

Yashi da tsakuwa ne suka yi wannan aiki. Mutane da dama na ɗauka tunda don koguna marasa zurfi Bill Hamilton ya ƙera irin wannan jirgi a Niyu Zilan a shekarun 1950, to ko ina za a iya ta da shi. Wucewa da gudu a saman ruwa kaɗan daban, danna totur daga tsaye a bakin gaɓa daban, domin a nan famfon ƙasa yake sha. Ya shawarce ni in riƙa tura jirgin sai ruwa ya kai mini cinya kafin in ta da inji, kuma na riƙe.

Ya sa sabon zobe, ya aika farfelar aka gyara mata baki. A nan ne nake da ƙorafi. Ya ce kwana biyar, aka yi kusan mako uku, kuma ni ne mai kira kullum. Abin da ya fi damuna shi ne da muka gwada, jirgin ya gyaru sosai amma yana ɗan zamewa in an danna da ƙarfi daga tsaye. Sai a lokacin ya duba sil, wato abin da ke toshe ruwa da iska a inda sandar farfela ta ratsa jikin jirgi, ya tarar ya saki, yana barin iska ta shiga famfo. Famfon da ya sha iska ba ya tura ruwa yadda ya kamata, ko da komai nasa sabo ne. Tun a kwancewar farko ya dace ya gan shi. Na faɗa masa haka, ya ce, "Gaskiyarka, Yallaɓai, na tsallake shi," ya canza bai nemi ladan aiki na biyu ba. Wannan ya sanyaya mini rai, amma dai na yi asarar wata ranar.

Zan sake kai masa aiki, kuma duk mai irin wannan jirgi da ya tambaye ni, wurinsa zan tura shi, da sharaɗin ya ce a duba sil tun farko, ya kuma tsayar da rana a rubuce. Ya mayar mini da tsohon zoben a leda ba tare da na tambaya ba, abin da ba kowane makanike ke yi ba.

Yanzu na yi kimanin awa 15 a ruwa bayan gyaran. Da mutum huɗu jirgin yana tasowa cikin 'yan daƙiƙoƙi, juyi yana tsayawa inda littafin inji ya nuna, gudu ya koma 68 zuwa 70. Makon jiya na sake zura ma'auni a ratar, ba ta ƙaru daga yadda makaniken ya bar ta ba.