Imel ko WhatsApp: ta ina ya kamata a tura saƙo?

Sau da yawa ana tambayata ta ina ya fi dacewa a tura takarda mai muhimmanci, ta imel ko ta WhatsApp.

Imel ne dattijo. A 1971 wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a kan ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta gabaci intanet, shi ne ma ya zaɓi alamar @. WhatsApp kuwa sai a 2009 ya fito.

Wajen kuɗi, duka biyun data kawai suke ci. Wajen sauƙi WhatsApp ya yi zarra: lambar waya ta wadatar, wanda bai iya rubutu ba ma sai ya danna ya yi magana.

Kowanne da nasa haɗarin. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke, daga mai aikawa sai mai karɓa. Amma in ka karanta wa ɗan damfara lambobi shidan nan na tabbatar da asusu da WhatsApp ya turo maka, ya ƙwace asusunka nan take. Imel kuma yana fama da wasiƙun bogi masu kama da na banki.

Inda imel ya burge ni shi ne ɗorewa. Ba mallakin kamfani ɗaya ba ne, mai Gmail yana rubuta wa mai Yahoo ba shamaki. Rasit ɗin shekarun baya, ka rubuta kalma ɗaya a wurin bincike ya fito. A WhatsApp, waya ta ɓata ba ka adana kwafi ba, an yi asara.

Mai neman aiki, ɗalibi da mai kwangila su riƙe imel. Mai hulɗar yau da kullum da dangi ko abokan ciniki, WhatsApp zai fi yi masa daɗi.