Hattara da mai sayar da "mbuna" a Facebook, ƴan Jos ku ji

Jama'a masu kiwon kifin ado don Allah ku karanta kafin ku tura ma wani kuɗi. Akwai wani gaye da ke saka bidiyon kifayen mbuna, irin na Tafkin Malawi ɗin nan masu zama cikin duwatsu, shuɗi mai ratsi da rawaya shar, ya ce daga Legas yake turowa. Na tura masa dubu 45 na guda goma, ya sa a mota, na je tasha na karɓi leda biyu. Ina buɗewa na ga wasu ƙananan kifaye launin toka, na kira shi ya ce wai gajiyar hanya ce, in ba su sati biyu kala za ta fito. To gaskiya kifi in ya wahala yakan koɗe, shi ya sa na yarda.

Sati uku ba kala ba dalilinta, sai ci da girma kamar ana hura su. Wani dattijo maƙwabcinmu mai kiwon kifi a Bukuru ya leƙa akwatin gilas ɗin, ya nuna min baƙin ɗigo a ƙarshen ƙayar bayansu, ya ce ɗana ai wannan ƴaƴan karfasa ne. Wallahi sai da na zauna. Dangi ɗaya ne da mbuna, shi ya sa suna ƙanana sai su ruɗe ka, amma yellow lab na gaske, wato mbuna mai launin rawaya ɗin nan, tun yana ɗan mitsitsi rawaya ne, da baƙin layi a ƙayar baya, ba ya jiran wani sati biyu.

Da ma tun farko ya kamata in gane, don gayen ce min ya yi ba sai na sa hita ba tunda kifin Afirka ne, kuma in ba su abincin tarwaɗa. A sanyin Jos! Mbuna ruwan digiri 24 zuwa 28 suke so, mai pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) kusan 8, da tarin duwatsu na ɓuya don faɗa gare su ba kaɗan ba, kuma yawancinsu gansakuka suke kankara a jikin dutse, ka cika musu abinci mai maiƙo cikinsu ya kumbura su mutu.

Yanzu gayen ya yi bulokin ɗina ya canza sunan shafin, amma bidiyon nan dai shi ne. Karfasan suna nan a falo, maman yara ta ce su ƙara girma ta yi mana farfesu.