Cinikin mota a Yamai: ta hannun dillali ko gaba da gaba da mai ita?

Dillali ya san kasuwa. Ka ce Corolla kake so, kafin la'asar ya nuna maka uku, ya kuma san wadda takardunta na duwan, wato kwastan, suka cika. Amma la'adarsa na cikin kuɗin da ya yanka, shi ya sa duk tayin da ka yi sai ka ji "albarka".

Ni dai gaba da gaba da mai ita ya fi mini. Ka je da makanikinka da sassafe, injin na sanyi, ya duba hayaƙi da ɗigon mai. Kowane aibi dalilin ragi ne: tayoyi sun cinye, a sauke jika ɗari. Sai dai nemo mai sayarwa na cin lokaci, kuma gwada lambar shasi da ta takarda ya koma wuyanka kai kaɗai.