Ra'ayina kan masu hayar tarakta da injin datsa kara a Epe

A ƙarshen daminar bara na ɗauki hayar wasu masu tarakta da injin datsa kara domin su cika mini ramin sileji, wato ɗanyen kara da ake datsawa a danne a rufe ya yi tsami don abincin dabbobi, a gonata da ke wajen Epe a jihar Legas, inda nake kiwata shanun da nake kai wa mahautar Oko-Oba a Agege. Injinsu ya gamsar da ni, domin ya datse karan masara tare da goyonsa gutsi-gutsi, tsawon santimita 1 zuwa 2, kuma irin wannan yankan ne ke sa kara ya dannu sosai.

Direban taraktar ne ya fi burge ni. Bai yarda a jibge kara tuli guda ba, sai ya baza shi a shimfiɗa wadda kaurinta bai wuce santimita 15 ba, sannan ya bi ta kai a hankali, gaba da baya, har sai ƙafar mutum ta daina nutsewa idan ya taka. Iskar da ta maƙale a ciki ita ce ke kawo zafi da ruɓa, kuma a danshin Legas funfuna ba ta jimawa take kamawa.

Inda suka gaza shi ne jikin bango, wurin da tayar tarakta ba ta kai ba, ga kuma ledar da suka kawo don rufe ramin ba ta da kauri, sai da na sayo wata na ninka, muka danne da tsofaffin tayoyi da buhunan yashi a daren. Bayan mako 6 na buɗe, ƙamshi mai ɗan tsami kamar na kamu ya tashi, amma a kusurwar gabas sai da na zubar da kusan baro biyu na baƙin kara.