Waya, Garmin, ko taswira da kamfas: amsa ga ƙanenmu mai shirin shiga hamadar Abu Hamad

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya shekaranjiya daga Mai Wurno ta Sudan, ga amsarka. Ka ce an yi maka tayin tuƙin boksi, wato mota a-kori-kura, ka riƙa kai ruwa da kayan abinci daga kasuwar Abu Hamad da ke arewacin ƙasar zuwa ramukan masu haƙar zinariya, kuma kuɗin hannunka ba su taka kara sun karya ba. Kana son sanin ko wayarka ta wadatar, ko ka sayi Garmin, na'urar GPS mai nuna inda mutum yake, ko kuwa ka bi maganar kawunka da ya ce ka koyi taswira da kamfas. Na yi shekaru a wannan hanya kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni, don haka zan jera maka su kafaɗa da kafaɗa yadda na gan su a bakin aiki. Maganar rai ce, ka karanta a natse.

Mu fara da abin da waya da Garmin suka yi tarayya a kai. Dukansu sauraro suke yi. Akwai taurarin ɗan Adam na Amurka wajen talatin, a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a yini yana watso lokaci da matsayinsa. In na'urarka ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda kake. A fili irin na hamada, inda babu gini babu itace, kuskuren bai cika wuce mita biyar ba. Wayoyin yanzu ma suna haɗawa da na Rasha da na Turai da na Sin. Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne wannan lissafi ba ya bukatar shabaka, wato sabis na layin waya. Lokacin da layukan waya suka ɗauke a Sudan a watan Fabrairun 2024, taurarin ba su daina magana ba. Abin da ya ɓace wa mutane shi ne hoton taswirar da ke zuwa ta intanet, sai ka ga shuɗin ɗigo a kan farin allo, babu hanya babu gari. Maganinsa ka sauke taswirar yankin tun kana inda akwai shabaka, a Google Maps ko OsmAnd, ka kashe data ka gwada ka ga ta buɗe. Amma ka riƙe wannan da kyau: na'urar ba ta aika komai. Ta san inda kake, ba ta gaya wa kowa. Mai kiran taimako ita ce Thuraya, wayar tauraron ɗan Adam, kuma wannan wani sayen ne daban.

Inda suka rabu shi ne juriya. Waya 'yar inuwa ce. Ka ɗora ta a gaban gilashi da azahar a watan Mayu, zafi ya haura digiri 45, za ta rubuta maka cewa ta yi zafi ta rufe kanta, kuma a daidai lokacin da kake bukatarta. Ga ƙura mai toshe ramin caji, ga allon da ba ya ganuwa a rana, ga batir da kira da hoto suke cinyewa tare. Ƙaramin Garmin irin eTrex batir biyu na tocila yake ci, masu lamba AA, yana kai wajen awa 25, kuma maɓalli gare shi, yatsa mai gumi da ƙasa yana iya danna shi. Abin da na fi so a jikinsa shi ne yana ajiye sawunka. Duk inda ka bi yana zana layi, in ka rikice sai ka juya ka bi layin ka koma inda ka fito. Waya ma tana iya yin haka in ka sa mata manhajar da ta dace, sai dai ka tuna ka kunna kafin ka tashi. Taswirar da ke cikin Garmin kuwa, a yankin nan kusan fanko ce. Direbobi su ke cika ta da kansu: nan rijiya, nan yashi mai cin taya, nan mararraba, suna ba juna lambobin kamar yadda ake ba da lambar waya.

To, taswirar takarda fa? Ba ta gaya maka inda kake, kai za ka nemo kanka a cikinta. Abin da take ba ka shi ne ƙasar gaba ɗaya a shimfiɗe. Tsofaffin taswirorin ma'aikatar safiyo ta Sudan masu ma'aunin 1:250,000 ne, wato santimita ɗaya a takarda kilomita biyu da rabi ne a ƙasa. Siraran layukan da ke zagaye duwatsu tsayi suke nunawa. In sun matsu da juna gangare ne mai tsanani, mota ba ta hawa. In sun yi nesa da juna fili ne. In sun lanƙwasa kamar bakin mashi, kwari ne, abin da Larabawan nan ke kira khor, kuma tsinin yana kallon inda ruwa ke fitowa. Kibiyar Garmin za ta nuna maka ramin da kake nema a miƙe, kilomita arba'in, ba ta damu da cewa akwai dutse a tsakani ba. Takarda ce ke nuna maka ta ina za ka kewaye.

Kuma ga abin da ya sa na ce kawunka yana da gaskiya. Ka shimfiɗa taswirar arewa ka duba. Layin dogo da aka shimfiɗa a 1897 ya taso daga Wadi Halfa ya ratsa hamada kudu maso gabas har Abu Hamad, fiye da kilomita 300, da tashoshinsa masu lamba maimakon suna, ciki har da Lamba Shida mai ruwa. Daga Abu Hamad zuwa Atbara kuma ga Nilu ga kwalta. Ma'ana, duk wanda ke gabas da waɗannan, in ya miƙe yamma bai karkace ba, dole ya ci karo da dogo ko kogi. Wanda ke cikin hamadar Bayuda kuwa, Nilu ya rungume shi ta ɓangare uku. Wannan shi muke kira hanyar tsira. Ɗigo guda kamar rijiya ana iya wuce shi da mita ɗari biyar ba a gani ba, amma layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita ba a tsallake shi in ana lura. Na ce in ana lura, domin akwai wuraren da yashi ke binne ƙarfen. Ƙaramin allon waya ba ya koya maka wannan, saboda in ka matso da hoto kusa ka rasa kewaye, in ka ja shi nesa ka rasa daki-daki.

Aibin takarda tsufa ne. Tsohuwar Wadi Halfa ruwa ya cinye ta a 1964, madatsar Marawi da aka buɗe a 2009 ta nutsar da ƙauyuka da hanyoyi, kuma babu taswirar da ta san ramukan da aka haƙa bara. Duwatsu da kwaruruwa ne ba sa ƙaura, su za ka amince wa. Sannan a halin yaƙin da ake ciki tun Afrilun 2023, taswira mai layukan lamba ko Garmin a hannun baƙo na iya jawo tambayoyi a shingen bincike. Ka tafi da takardar shaidar aikinka, kada ka ɓoye kayan, kuma ka tambayi direbobin kasuwa abin da ake bari a wuce da shi a wannan makon. Inda ake yaƙi kuma akan toshe siginar taurarin ko a gurɓata ta, har na'ura ta nuna ka a inda ba ka taɓa zuwa ba. Allurar kamfas ba ta da wannan matsalar.

Yanzu lambobi, inda na ga an fi yin asara. Wata rana da hantsi aka kira mu ta Thuraya, motar wasu 'yan uwa ta karye, su shida, ruwansu jarka ɗaya da rabi. Direban ya karanto lambar arewa: digiri ashirin, minti talatin. Yaron motata ya rubuta 20.30 a waya, haka ya yi wa lambar gabas ma, muka kama hanya. Mun isa inda ɗigon ya tsaya wajen la'asar, babu mota, babu sawu, babu ko gwangwani, sai tsakuwa baƙa har iyakar gani. Na kashe inji, shiru ya yi yawa har ina jin ƙarar ƙarfen mota yana hucewa. Na shimfiɗa taswira a kan bonet, muka danne kusurwoyinta da duwatsu. Mutumin ya ce mana akwai dogon dutse a yammacinsa, mu kuwa babu dutse kusa da mu ko a takarda ko a ido. Nan na gane. Digiri minti sittin ne, ba ɗari ba, saboda haka minti talatin rabin digiri ne, 20.50 ke nan. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, wannan ɗan bambanci ya jefa mu kilomita 22 kudu, ban da zamewar da muka yi ta yamma. Mun same su bayan isha'i, sun ƙona tayar safaya don mu ga wuta, ruwansu saura abin da bai cika buta ba. Alhamdu lillahi babu wanda ya rasu. Tun ranar, duk mai karanto mini lamba sai ya faɗi ko da minti ce ko da ɗigo, ni kuma in maimaita masa.

Akwai tsari na uku, UTM, mai ƙirga mita. An raba duniya yanki 60, kowanne faɗin digiri shida. Abu Hamad da Khartum da Sinnar da Gadarif suna yanki na 36, Kasala da Fot Sudan suna na 37, Nyala da Fashir na 35. Lamba ba tare da yankinta ba ba ta da amfani. Ana karanta ta gabas tukuna, sannan ta arewa. Daɗinta shi ne ragi kawai za ka yi ka san mita nawa suka rage. In za ka haɗa Garmin da tsohuwar taswira, ka duba gefen takardar: yawancinsu an auna su da ma'aunin Adindan, na'urori kuma suna zuwa a kan WGS 84. Saɓanin yana iya kai mita ɗari ko fiye. Neman dutse ba zai dame ka ba, neman bakin rijiya da dare zai dame ka. A cikin saitin Garmin ana canza shi.

Kamfas shi ne mafi arha, kuma shi ya fi bukatar horo. Allurarsa a ƙasar nan tana karkata gabas da arewa ta gaskiya da wajen digiri 3 zuwa 4. Kada ka raina: kuskuren digiri ɗaya a tafiyar kilomita 60 kilomita guda ne. Kada ka karanta shi a cikin mota ko kusa da injin neman zinariya ko lasifika. Ka sauka, ka yi taku ashirin, ka auna, ka zaɓi wani dutse a kan layin, ka tuƙa zuwa gare shi, ka sake sauka. Akwai duwatsu masu ƙarfe da ke jan allura, in ka ga tana rawa ka matsa. Amfaninsa babba shi ne hana ka kewaye. Masu bincike daga Jamus sun gwada a 2009, suka ga mutum in ya rasa rana ko wata alama yakan yi ta zagaye yana zaton a miƙe yake tafiya. Ranar da habub, wato guguwar ƙura, ta rufe sama za ka gane hakan. Da dare kuma ga tauraron arewa da Larabawa ke kira Jadi, ba ya gusawa, tsayinsa daga ƙasa a Abu Hamad kusan digiri ashirin, damtse biyu in ka miƙe hannu.

Wani abu da ya shafe mu mu Hausawa: mun saba kiran alƙibla gabas. A Mai Wurno alƙibla wajen digiri 36 take daga arewa, ta fi kusa da arewa a kan gabas. A Abu Hamad kuwa ta koma wajen 72. In dattijo ya ce maka ka yi gabas, ka tambaye shi cikin ladabi, "Baba, mafitar rana ko alƙibla?"

Ga hukuncina. Da kuɗin da ka ambata, kada ka fara da Garmin. Ka sayi kamfas mai faranti, da cajar mota mai kyau, da batirin ajiya, ka sauke taswira a waya, ka ɗinka mata jaka ka rataye ta inda rana ba ta duka. In albashin wata biyu ya shigo, ka sayi Garmin ko na hannu ne, wayar ta koma ta ko-ta-kwana. Tafiya biyar ta farko kada ka yi ta kai kaɗai, ka bi bayan tsohon direba ko khabir, wato jagoran hamada, da ɗan gari akan ci gari, kana ajiye kowace mararraba da sunan da suke kiranta. In mota ta mutu, ka zauna a inuwarta, don mota ake hangowa daga nesa. Hanyar tsira ta mai sauran mai ce a tanki, ko wanda ya tabbata dogo na kusa, shi ma da dare.

Kafin ka bar gida, ka zauna da kawunka yini guda. Ku fita bayan gari, ya sa ka auna mita ɗari ka ƙirga takunka, ka je da kamfas ka dawo da shi. Sannan ka sami kwali ka rubuta abu huɗu: lambar kasuwar Abu Hamad a tsarin minti da na ɗigo, digirin hanyar tsirarka, lambar Thuraya ta mai motar, da sa'ar da za a fara nemanka in ba ka iso ba. Kwafi ɗaya a aljihunka, ɗaya a hannun wanda ka bari a kasuwa. Ka gaishe mini da kawu, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.