Batirin Dalma ko na Litiyam: Wanne Za Ka Sa wa Keken Zuwa Aiki?

Wa'alaikumus salam Malam. Tunda batirin da ya zo da kekenka na lantarki ya gaji, kuma kana tsakanin sake sayen na dalma guda huɗun nan ko komawa litiyam, shawarata ita ce ka koma litiyam, kuma ka nemi irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa. Shi ne a kekena yanzu, da shi nake fita aiki kullum daga Rijiyar Zaki zuwa Sharaɗa a nan Kano.

Abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne, a garinmu ba tafiya ce ke kashe batir ba, wuta ce da zafi. Batirin dalma yana son duk lokacin da aka yi amfani da shi a cika shi taf, kuma da wuri. In ya kwana a sauke, ko aka riƙa ba shi rabin caji yau rabi gobe, wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantan cikinsa, kuma abin da ya daskare ya tafi ke nan, ƙarfin batir ya ragu. To ka dubi yadda muke samun wuta. A kawo ƙarfe goma na dare, a ɗauke ƙarfe ɗaya. Yaushe batirin da ke buƙatar wajen awa takwas a jone zai ƙoshi? Shi kuwa litiyam bai damu da wannan ba. In wutar awa biyu ka samu, ya karɓi ta awa biyu, babu abin da zai same shi. Hasali ma zama tsakanin kashi 20 zuwa kashi 80 ya fi masa lafiya a kan cika kullum.

Ga kuma zafi. Ƙa'idar da masu ƙera batirin dalma ke bayarwa ita ce, duk ƙarin zafi na wajen digiri 10 a kan digiri 25 yana raba tsawon ransa biyu. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna haura 40. Litiyam ma zafi na cin sa, kada wani ya ce maka ba ya ci, amma a cikin danginsa LiFePO4 ya fi haƙuri, kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. Ɗaya irin, wanda ake haɗawa da ƙananan ƙwayoyi masu kama da na tocila, ya fi sauƙin nauyi, sai dai ya fi son lallashi. A lissafin cika da saukewa, na dalma yakan yi sau 300 zuwa 500, mai ƙananan ƙwayoyin nan 500 zuwa 1,000, LiFePO4 mai kyau kuwa yakan kai 2,000 har ya wuce.

Ranar da batirin nan nawa na LiFePO4 ya shiga raina, cikin azumi ne, ana tsakiyar bazara. Unguwarmu ta kwana ba wuta, na fito da abin da ya rage a cikinsa. Da na isa wurin aiki sai na zare shi da hannu ɗaya na hau bene da shi, na jona a sola ɗin ofis. Gab da tashi aka kira ni cewa an kwantar da ƙanwar mahaifiyata a asibiti, can wani ɓangaren gari. Na mayar da batir, na ɗauko ɗan'uwana a baya da kwandon abincin buɗa-baki, muka hau gadar Ƙofar Nasarawa keken bai ko yi nishi ba. Muka isa kafin kiran salla, muka sha ruwa tare da ita, na dawo gida cikin dare da sauran caji. A lokacin layin mai ya cika gari, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da irin wannan zirga-zirgar ke ci a aljihu.

Wannan ɗaukar da hannu ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Batirin dalma mai 12V 20Ah kowane guda yana kusan kilo 7, huɗu sun doshi kilo 28. Litiyam mai 48V 20Ah, in LiFePO4 ne, wajen kilo 9 zuwa 10 yake, ɗayan kuma wajen 5 zuwa 6. Bambancin nan a wajen gyara za ka gan shi. Nauyi shi ke cinye robar burki, shi ke sassauta wayoyin ƙafar baya har su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, shi ke sa taya ta daki bakin rami ta tsaga tub. Tun da na sauke wancan lodin, zuwana wurin mai faci ya ragu sosai.

Na dalma kuwa, na riƙe shi, ya yi aiki daidai kuɗinsa. Yana da araha, kowane mai batir a bakin titi ya san kansa, kuma in ya mutu 'yan gwangwan za su saya su ba ka wani abu. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. In aljihu ya tilasta maka shi, to ka canza huɗun gaba ɗaya. Kada ka yarda a ce maka guda ɗaya ne ya mutu a sa maka sabo cikin tsofaffi uku, domin a jere suke, mai rauni shi ke jan sauran, sabon ma ba zai daɗe ba. Kuma kada ka riƙa sauke shi ƙasa da rabi.

Litiyam yana da nasa sharuɗɗan, kuma gara ka ji su kafin ka biya. Kuɗinsa ya ninka na dalma, wani lokacin har fiye. Na biyu, tsohuwar cajarka ba ta da sauran aiki. Kowane iri da tasa: mai ƙananan ƙwayoyi jeri 13, wato rukuni 13 da aka jona ɗaya bayan ɗaya, cajarsa 54.6V ce, LiFePO4 mai jeri 16 tasa 58.4V ce. Bakin filogin na iya zama iri ɗaya, shi ya sa mutane ke ruɗewa, amma in ka jona cajar 58.4V a batirin 54.6V, abin da ya tsaya tsakaninka da gobara ɗan allon nan ne kawai da ke cikin batirin, wanda masu gyara ke kira BMS. Shi ke yanke wuta in ƙwaya ta cika, ko ta sauka da yawa, ko an ja fiye da ƙima. Ka tabbatar ƙarfinsa ya kai abin da kwanturolar kekenka, wato akwatin da ke ba injinsa wuta, ke ja, in ba haka ba duk hawan gada sai keken ya ɗauke. Da yawa daga cikin batiran da ake cewa sun mutu, in mai sani ya buɗe, ko dai allon nan ne ya lalace ko jeri ɗaya ne ya faɗi, kuma duka ana gyarawa. Sai dai ba aikin mai batirin mota ba ne. Ka nemi masu haɗa batirin sola, waɗanda ke da injin ɗinke ƙwayoyi, kada ka ba wanda zai ɗora musu ƙarfen narka dalma ya dafa su.

Akwai kuma wani hali na LiFePO4 da zai ba ka mamaki a farko. Fitilun nan na kan keke masu nuna caji an yi su ne don na dalma. Shi wannan wutarsa ba ta sauka a hankali, za ka ga kamar a cike yake har kusan ƙarshe, sai kawai ya yanke. Ka riƙa lissafi da nisan da ka yi, ko ka sa a ɗaura maka ƙaramar mita.

Ba ka tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kan masu sayarwa ba, domin nan ne ake cutar mutane. Akwai masu tattara ƙwayoyin tsofaffin batiran kwamfuta, su naɗe da shuɗiyar leda, su manna takarda mai 48V 30Ah, su ce sabo ne daga China. Ƙwayar 18650, wato irin ƙaramar nan mai kama da ta tocila, ta gaskiya ba ta wuce wajen 3,500mAh, nauyinta kuma gram 45 zuwa 48. Duk wadda ka ga an rubuta mata 9,900mAh ƙarya ce tsagwaronta. Ka je da sikeli, ko ka sa a ɗora a na mai shago a gabanka. Batirin da aka ce 20Ah ne na LiFePO4 amma bai kai kilo 5 ba, ka ajiye musu kayansu. A ɓangaren dalma ma haka ne: ana wanke tsoho a canza masa takarda, ko a sayar maka wanda ya shekara a sito bai ga caji ba, wanda ya riga ya fara mutuwa tun kafin ya hau keke. Ka duba kwanan watan da aka buga a jikin robar, ka sa a auna kowane guda da mita. Lafiyayye mai caji bai kamata ya gaza 12.6V ba, kuma huɗun su zo kusan daidai. Garanti kuma a rubuce a rasit, da adadin watanni. "Ai muna nan, in ya ba da matsala ka dawo" ba garanti ba ne.

In ka sa shi, ga abin da zai sa ya daɗe. In ka dawo cikin rana, ka bar shi ya huce kafin ka jona. Ka yi caji a inuwa, a kan siminti, nesa da katifa da labule, ba a ɗakin da yara ke kwana ba, ba kuma a bakin ƙofar da za a bi a fita ba. In janareta ne, ka bari ya daidaita kafin ka jona caja. Da damina kada ka kutsa ruwan da ya kai cibiyar taya, kuma kada ka kai keken wurin masu wankin mota su feshe shi da injin. Tsumma mai laima ya isa. Da hunturu ka riƙa goge ƙura daga bakin filogi. In za ka yi doguwar tafiya ka bar keken, ka bar batirin da wajen rabin caji. Duk ranar da ka ga ya kumbura, ko yana wari, ko yana zafi alhali ba a aiki da shi, ka fitar da shi fili nan take.

Ka sayi LiFePO4 mai 48V 20Ah tare da cajarsa daga hannu ɗaya. Kafin ka je, ka auna tsawo da faɗi da zurfin akwatin batirin kekenka, domin ba kowanne ke shiga ba. In kuɗin bai cika ba, ka lallaɓa da tsohon zuwa ƙarshen wata ka cika.