Rigar soso, ta roba ko mai tauri: wacce za ta ceci tabulet daga hannun yara?

Tabulet ba ta cika faɗuwa a kan bayanta ba. Idan ta suɓuce wa yaro, yawanci da kusurwa take sauka, nauyinta duka ya taru a ɗan wuri guda, daga nan tsagewa ta ratsa gilashin. Don haka kafin ku kalli launi ko hoton da ke jikin kwali, ku matsa kusurwoyin rigar da yatsa ku ji kaurinsu. Sannan ku saka tabulet ɗin ku kifa ta a kan tebur. In fuskarta ta taɓa teburin, leɓen rigar bai kai ba, ku ajiye ta.

Ga yaron da bai kai shekara biyar ba, rigar soso mai kauri ce zaɓina, wadda masu sayarwa ke rubuta wa EVA. Irin soson silifas ne, ba nauyi, kuma yana shanye ƙarfin bugu maimakon ya miƙa wa gilashi. Galibi tana da mariƙi da ake lanƙwasawa ya zama matokari, kuma mariƙin nan ba ƙaramin abu ba ne: tabulet mai inci 10 ko 11 ta kusa rabin kilo, hannun ɗan shekara uku kuwa ba ya iya damƙe ta da kyau. Aibinta a bayyane yake. Ƙatuwa ce, ba ta shiga jaka cikin sauƙi, ba ta da kyan gani, tana riƙe zafi idan ana caji ana kallo lokaci guda. Yaro mai fitar da haƙora kuma yana iya gatsar gefenta, saboda haka a riƙa dubawa, da ta fara ɓantalewa a sauya ta kafin wani gutsure ya shige masa maƙogwaro.

Rigar roba mai laushi tana da daɗin riƙo, ba ta santsi, ana wanke ta. Sai dai da tafiya ta yi nisa takan saki, yara kuma ba sa daɗewa suke gano yadda ake zare ta daga kusurwa. Rigar da yaro zai iya cirewa da kansa ba ta da amfani a ranar da aka fi buƙatarta.

Akwai kuma mai hawa biyu, ƙwarya mai tauri a ciki, roba a waje, irin OtterBox Defender da makamantanta. Ita ce ta dace da gidan da babba da yaro ke amfani da tabulet ɗaya, ko ɗan makarantar da ke cusa ta cikin jaka tare da littattafai, domin tana hana lanƙwashewa, abin da soso ba ya yi sosai. Wasunsu na da ƴan murafu da ke toshe bakin caji daga ƙura. Ta fi tsada, ta fi nauyi, cire ta aiki ne, wanda a nan alheri ne. Ita kuwa mai murfi kamar littafi, a bar wa manya. Murfin yakan buɗe kafin ta kai ƙasa.

Za ku yawaita ganin MIL-STD-810G a jikin kwali, ana cewa ingancin soja. Ma'auni ne na rundunar sojan Amurka, kuma gwajin faɗuwar da ke cikinsa shi ne a saki abu sau 26 daga tsayin kusan santimita 122 a kan katakon da aka shimfiɗa bisa kankare. Abin da ba a rubutawa shi ne, kamfanin ne ke gwada kayansa ko ya biya a gwada masa, sojoji ba sa buga wa rigar tabulet hatimi. Kuma katako ba tayil ba ne. Alama ce mai kyau, amma ba ta kai gwajin yatsanku ba.

Ko wace riga kuka ɗauka, fuskar tabulet ɗin na buƙatar tata kariyar. Tsakanin leda mai mannewa da gilashin kariya, gilashin ya fi: ledar ƙarzuwa kawai take hanawa, shi kuwa yakan fashe a madadin na ainihi idan aka buga cokali ko motar wasa. Kada lambar 9H ta ruɗe ku, ma'aunin taurin fensir ce, ƙwayar yashi za ta iya ƙarzarsa. Sharaɗi ɗaya ne: da ya tsage a ɓare shi a ranar, don gefen tsagewar na yanka yatsa. Ku sayi fakiti mai biyu.

Ruwa daban ne. Riga ba ta hana madara ko miyau shiga ramin sifika. iPad ba ta da shaidar jure ruwa, yayin da Samsung Galaxy Tab S9 ta 2023 ke da IP68, wato ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa cikin ruwa mai tsabta na ɗan lokaci. Lemo da ruwan sabulu ba sa cikin alkawarin.

Wurin da iyaye suka fi mantawa shi ne bakin caji. Yaro yana kallo, wayar caji a jone, ya ɗora tabulet ɗin a kan cikinsa, kan cajar yana lanƙwashewa a hankali har cikin bakin cajin ya kwance. Wata rana sai ta ƙi ɗaukar caji, jikinta kuwa ko ƙwarzane babu. Caja mai maganaɗisu, wadda ke rabuwa da zarar an fizge ta, tana rage wannan matsalar, amma ɗan kan da ke zama a ciki ƙarami ne, haɗari ne ga yaron da ke kai komai baki. Ga ƙanana, gara a yi caji a wurin da hannu bai kai ba, a miƙa musu ba wayar caji a jone. Igiyar ratayawa a wuya ma a cire ta.

In ba ku riga kun sayi tabulet ɗin ba, lissafin ya sauya. Fire Kids ta Amazon tana zuwa da rigarta da garantin shekara 2, inda kamfanin ke sauya ta idan ta fashe, amma ku tabbatar garantin yana aiki a ƙasar da kuke. AppleCare+, wato inshorar da Apple ke sayarwa wa iPad, yana ɗaukar ɓarnar haɗari, sai dai kowane gyara akwai abin da za ku biya. Ƙarama mai inci 8 ta fi sauƙin riƙo, faɗuwarta ma ba ta kai ta babba ƙarfi ba. Sannan a iPad ta gama-gari gilashin sama a rabe yake da allon da ke nuna hoto, ana iya sauya shi kaɗai, amma a iPad Air da iPad Pro manne suke, fashewar ɗaya sayen biyu ne.

Lokacin sayen riga, ku tafi da lambar samfurin da ke bayan tabulet ɗin ko cikin saitinta, ba girman inci kawai ba. iPad fitowa ta tara mai inci 10.2 ce, ta goma wadda ta fito a 2022 mai 10.9 ce, an sauya mata bakin caji da wurin maɓallai, rigar waccan ba ta zama a jikin wannan.